Daga sararin Münster zuwa bayan waya: me ke samun ma'aikacin B-17 idan an harbo jirginsa?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu ce. Kullum a rubutu sai a ce an harbo jirgin wane, aka kama shi, ya yi wata goma sha takwas a sansanin fursuna, shi ke nan an wuce. Ni abin da ke tsakanin waɗannan kalmomi nake nema. Mu ɗauki Ba'amurke guda a cikin B-17, babban jirgin bam na Amurka, ranar da aka kai hari birnin Münster na Jamus, 10 ga Oktoba 1943. Daga sa'ar da wuta ta kama fiffike har ya tsinci kansa a bayan waya, me ke faruwa daki-daki?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Ka zaɓi rana mai nauyi. A makon nan kaɗai, daga 8 zuwa 14 ga Oktoba, Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka da ke Ingila ta rasa jirage 148. A Münster 30 ne ba su koma ba. Rukuni na 100, wanda ke tashi daga filin jirgin Thorpe Abbotts a Ingila, jirage 13 ya kai sararin Jamus, aka harbo 12. Na Robert Rosenthal kaɗai ya dawo, shi ma inji biyu cikin huɗu sun mutu.

Amma kafin a amsa maka sai an san inda mutumin naka yake zaune, don wurin zama shi ne rabin amsar. Mutum goma ne a jirgi. Hafsoshi huɗu suna gaba: matuƙi, mataimakinsa, mai duba hanya da mai sakin bam. Sauran shidan saje-saje ne: injiniyan jirgi da ke riƙe da bindigogin sama, mai rediyo, maharba biyu na kwiɓi, na wutsiya, sai na ƙwallon ƙasa, wato dunƙulen ɗakin nan da ke rataye a ƙarƙashin cikin jirgin.

Injiniya Lawal: Malam, bari in ɗora daga nan. Mu ɗauki maharbin kwiɓi. Jirgin yana wajen ƙafa 24,000, ba a matse iskar cikinsa ba, kuma a samfurin 1943 tagar da yake harbi ta cikinta a buɗe take. Sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, ya wuce. Igiya uku ce ke ɗaure shi da jirgin: bututun oksijin da ke shiga takunkumin fuskarsa, wayar magana, da wayar lantarki mai ɗumama rigarsa. Idan yana da sulke, yana bisa duk wannan, faranta ne na ƙarfe da aka ɗinke cikin kyamfas, nauyinsa wajen kilo goma. Laimar sauka ba ta jikinsa. Ɗamarar ce kawai a jikinsa, ita laimar ƙunshi ce da ya ajiye a gefe, don in ya saƙala ta a ƙirji ba zai iya sarrafa bindiga ba.

Matuƙi na da ƙararrawa. Bugu uku gajeru, a shirya. Bugu ɗaya mai tsawo, a fita. Daga nan ga abin da zai yi, kuma jerin yana da muhimmanci. Ya ja jan maɗauri da ke gaban sulken, sulken ya zube. Ya cire igiyoyin nan uku. Ya lalubo ƙunshin laima ya saƙala ƙugiyoyi biyu a ƙirji. Ya je ƙofar baya ta hannun dama, ya ja hannun gaggawa da ke zare ƙusoshin ƙofar, ya ture ta, ya dunƙule jiki ya faɗa da kai don kada fiffiken wutsiya ya kwashe shi. Mutanen gaba suna da ƙofa a ƙasan hancin jirgi, matuƙa da injiniya da mai rediyo sukan bi ta rumbun bam, na wutsiya yana da 'yar ƙofarsa.

A ƙasa, lokacin horo, wannan bai kai minti ɗaya ba. A sama kuwa abubuwa uku ke ɓata shi. Na farko, jirgi ya shiga juyi: ƙarfin juyin zai manna mutum da bango, yana ganin ƙofa taku biyu daga gare shi, ba ya iya ɗaga hannu. Na biyu, ƙunshin laima ya gangara wani wuri ko harsashi ya keta shi. Na uku, gaggawa ta sa ya saƙala ƙugiya ɗaya, ko ya juya ƙunshin har hannun ja ya koma hagu.

Sagir: To ai da ya fita sai ya ja igiya nan take ko? Me zai tsaya jira?

Dakta Rabi: A'a ɗan'uwa, wannan shi ne kuskuren da aka fi gargaɗinsu a kai. A ƙafa 25,000, mutumin da ya cire takunkumi yana da minti uku zuwa biyar kafin hankalinsa ya fara gushewa, kuma wanda ya sha kokawa da ƙofa bai kai haka ba. Idan ya buɗe laima a can sama, saukarsa za ta ɗauki wajen minti ashirin, farkonta duk cikin iskar da ba ta isa numfashi da sanyin da ke daskarar da yatsu. Ga shi a tsakiyar jerin jirage, da tarkace, da harsasai. Kuma duk wanda ke ƙasa yana kallon farar laima tun daga nesa, har ya hau keke ya je ya jira shi. Shi ya sa ake koya musu su bari jiki ya faɗi, sai sun soma rarrabe itatuwa da shanu sannan su ja. Faɗa ce mai sauƙi, amma yaron da bai taɓa tsalle ba ko sau ɗaya, kuma yawancinsu haka suke, da wuya ya iya daurewa.

Injiniya Lawal: Ƙari a kan maganar Dakta, ƙananan abubuwa biyu da suka nakasa mutane da yawa. Maɗaurin cinya: mutane kan sassauta shi don su ji daɗin motsi a tafiyar awa shida ko takwas. In laima ta buɗe da shi a sassauce, fizgar tana sauka ne a matsematsi, raunin kuwa ba kyau. Sai takalmi. Manyan takalman gashin tumaki da suke sawa sakwaf suke, fizgar laima takan cire su. Masu wayo sukan ɗaure takalmin soja na fata a jikin ɗamara. Wanda bai yi ba zai sauka gonar dankali a Oktoba da safa, kuma maganar gudu ta ƙare ke nan.

Sagir: Na ƙwallon ƙasa fa? Na sha ji ana cewa shi ne gawa ta farko a kowane jirgi.

Malam Habu: Maganar tana da gaskiya ta wani ɓangare, ta wani ɓangaren kuma ba haka ba ne. Binciken raunuka da likitocin rundunar suka yi a 1944 ya nuna maharban kwiɓi ne suka fi shan ɓarɓashin harsashi, na ƙwallo yana cikin waɗanda suka fi tsira, domin a dunƙule yake kamar jariri a ciki, ga ƙarfe a bayansa. Sai dai wannan lissafin jiragen da suka koma gida ne. In jirgi zai faɗi, labari ya sauya. Faɗin ƙwallon bai fi mita ɗaya da ɗan kai ba, yawanci ba wurin laima. Ƙofarsa ba ta buɗewa zuwa cikin jirgi sai an juya bindigogin sun kalli ƙasa sosai. In lantarki ya yanke, sai a murɗa da hannu, ko shi daga ciki ko abokinsa daga sama. In ƙarfen da yake juyawa a kai ya lanƙwashe, sai dai a yi masa addu'a. Alan Magee, na Rukuni na 303, ya fito daga ƙwallo a sararin Saint-Nazaire ta Faransa ranar 3 ga Janairu 1943 ya tarar laimarsa ta yage. Ya faɗo fiye da ƙafa 20,000 babu laima, ya ratsa rufin gilashin tashar jirgin ƙasa, kuma ya rayu. Likitocin Jamus ne suka yi jinyarsa, ya ƙare yaƙin a fursuna.

Injiniya Lawal: Duk da haka B-17 ya fi jiragen Ingila sauƙin fita. Kusan rabin mutanen jiragen Amurka da aka harbo sun tsira da rai. A Lancaster, jirgin bam na Ingila, wajen kashi 15 cikin ɗari ne, saboda ƙofar gaggawarsa matsattsiya ce kuma da dare suke aiki.

Ummi: Afuwan in katse ku. Waɗannan jiragen ne aka ce suna sauka Kano lokacin yaƙin?

Malam Habu: Malama Ummi, jiragen Amurka sun bi ta Kano da Maiduguri da gaske, daga Akara zuwa El Fasher da Khartum, amma masu zuwa Masar da Indiya ne. Rukuni na 100 ta arewacin Tekun Atlantika ya bi zuwa Ingila a watan Yuni 1943.

Hajiya Binta: Kun sauko da shi ƙasa, amma akwai abin da ba za a tsallake ba. 10 ga Oktoba 1943 ranar Lahadi ce. Kuma wurin da aka ba masu sakin bam su auna ba masana'anta ba ce, tsakiyar tsohon garin ne, kusa da babbar majami'a. Hujjar da aka ba su ita ce a nan ma'aikatan jirgin ƙasa suke zaune. Mutane kusan 700 suka mutu da yammacin nan, yawancinsu fararen hula. To mutumin da ke saukowa da laima, cikin waɗanda gidajensu ke ci da wuta yake saukowa. Dole a faɗi wannan, in ba haka ba labarin ya zama na gefe ɗaya.

Baba Ɗanjuma: Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma ba wanda zai wanke wannan umarni. Wasu daga cikin matuƙan ma sun nuna damuwa tun a ɗakin bayani da safe. Amma alhakin yana kan wanda ya zana taswira. Sajen da ke kwiɓi, ɗan shekara goma sha tara ko ashirin, ba ya ma ganin abin da ake aunawa. Kuma da zarar ya sauka ya ɗaga hannu, ya zama fursuna, jininsa ya haramta, ko me jirginsa ya yi minti goma da suka wuce. Yarjejeniyar Jeniba ta 1929 haka ta ce, Jamus kuwa ta sa hannu.

Hajiya Binta: Ban ce a kashe shi ba, Baba. Cewa na yi a fahimci inda fushin ya fito.

Baba Ɗanjuma: Na fahimce ki 'yata. Sai dai fushin ba shi kaɗai ya yi aikin ba, hukuma ce ta hura shi. A watan Mayu 1944 Goebbels, ministan farfagandar Jamus, ya rubuta a jarida cewa ba za a sa 'yan sanda su kare matuƙan abokan gaba daga jama'a ba. Bayan wata uku, ranar 26 ga Agusta, aka bi da ma'aikatan wani B-24, shi ma jirgin bam na Amurka, ta garin Rüsselsheim da ƙafa, washegarin harin da jiragen Ingila suka kai garin, jama'a suka far musu da sanduna da duwatsu, shida suka mutu. Ba su ne ma suka kai wa garin hari ba. Bayan yaƙi kotun sojan Amurka ta rataye wasu daga cikin masu laifin. Shi ya sa ga wanda aka harbo, babbar tambaya ita ce wa zai fara isa wurinsa. In sojan saman Jamus ne, ya tsira galibi, har sukan zare bindiga su kare shi daga taro. In ɗan sandan ƙauye ne ko manomi, ya danganta. In 'yan jam'iyyar Nazi ne ko SS, dakarun jam'iyyar na musamman, to sai yadda ta yiwu. A 1943 abin bai kai munin 1944 ba.

Auwalu: Ba a ba su kayan gudu?

Injiniya Lawal: Ana ba su. Ɗan akwatin roba ne da ke shiga aljihu: taswirar alharini, ƙaramin kamfas, ƙwayoyin madara masu riƙe ciki, ƙwayar tsabtace ruwa, jakar ruwa ta roba, ƙwayar hana barci, da kuɗin Faransa da Holan da Beljiyam. Akwai kuma ƙananan hotunansa cikin kayan gida, don masu taimako su yi masa takardar bogi. Ƙa'ida ita ce ka ɓoye laima, ka bar wurin da sauri, ka kwanta sai dare, ka nemi gidan da ke shi kaɗai, ka tunkari mutum ɗaya ba taro ba. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. A Faransa da Beljiyam wannan ya yi aiki, akwai hanyoyin asiri kamar Comète da ke tsallakar da mutane zuwa Sifen. A cikin Jamus ba mai ɓoye ka. Daga Münster zuwa iyakar Holan wajen kilomita 50 ne, ga mai targaɗe kuwa tafiya ce mai nisa. Manjo John Egan, wanda ya jagoranci Rukuni na 100 a ranar, ya yi 'yan kwanaki yana ɓuya, aka kama shi.

Malam Habu: Daga nan sai Dulag Luft. Duk ɗan sojan sama na Ingila ko Amurka da aka kama, ta nan yake bi: cibiyar tambayoyi a Oberursel, kusa da Frankfurt. Masu mummunan rauni asibitin Hohemark ake kai su. Sauran a tuɓe su a caje, a kulle kowa shi kaɗai a ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya. Burodi yanka biyu da baƙin ruwan da ake kira kofi da safe, miyar ruwa da rana, burodi da dare. Ba taba, ba littafi, ba wanka.

Tarkon farko takarda ce mai tambarin Red Cross. Wani zai shigo da fara'a ya ce cika wannan don a sanar da iyayenka kana raye. Layukan sama suna, muƙami, lamba. Can ƙasa kuma lambar rukuni, sunan filin jirgi, sunayen abokan aiki. Doka ba ta wajabta masa komai ba sai suna da muƙami da lamba. Tarko na biyu barazana ce: ba mu da tabbacin kai soja ne, in ba ka ba mu hujja ba za mu miƙa ka ga Gestapo, 'yan sandan ciki, a matsayin ɗan leƙen asiri. Na uku, wanda ya fi cin mutane, shi ne kirki. Jami'i mai Turancin Amurka zai ba shi taba, ya buɗe wani kauri-kaurin fayil, ya karanto masa sunan kwamandansa, makarantar da ya yi, har ranar da aka ƙara masa girma. Sai yaro ya ce a ransa, tunda sun san komai, me ya rage? A nan yake cike musu gurbin da ba su da shi.

Sagir: A ina suka samo duk wannan? 'Yan leƙen asiri ne a Ingila?

Malam Habu: Haka suke so a zata. Yawancinsa daga jaridun Amurka ne da suke samu ta ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, da takardun da ake tsinta a tarkacen jirage da aljihunan mutane, da maganganun rediyo da suke saurare. Hatta hotunan gudun nan da Injiniya ya ambata sun zama shaida, don kowane sansani mai hoto ɗaya ne, kwat ɗin aro ɗaya, bango ɗaya. Da ganin hoto an san rukuninka. Duka ba al'adar wurin ba ce, amma akwai azabar zafi: a rufe taga a ƙure na'urar ɗumama ɗaki. A kan wannan ne kotun sojan Ingila ta ɗaure kwamandan wurin, Erich Killinger, shekara biyar a ƙarshen 1945. Maharba ba a cika riƙe su ba, kwana biyu ko uku. Matuƙa da masu duba hanya su ake tsarewa mako ɗaya ko fiye.

Baba Ɗanjuma: Bayan nan ne ma'aikatan jirgi guda suke rabuwa, kuma igiyar kafaɗa ce ke raba su. Hafsoshin Münster, irin su Egan da Frank Murphy, mai duba hanya da aka harbo a harinsa na 21, Stalag Luft III aka kai su, a Sagan, wajen kilomita 160 kudu maso gabas da Berlin, yau cikin Folan. Saje-sajen wannan lokacin kuwa Stalag 17B suka nufa, kusa da Krems a Ostiriya. Ku lura da hikimar ba duk maharbi muƙamin saje: a ƙarƙashin yarjejeniyar, ba a tilasta wa hafsa aiki, saje sai aikin sa ido kawai, farabiti ne ake turawa gona da ma'adinai. Amma rashin aiki bai sa Krems ya zama wurin zama ba. Ɗakin da aka gina don mutum 240 sai a cusa 400, ruwa na zuwa 'yan sa'o'i a rana, gawayin ɗumama ɗaki kaɗan.

Dakta Rabi: Abin da ya riƙe ran waɗannan mutane ƙunshin Red Cross ne, ba abincin Jamus ba. Na Jamus baƙin burodi ne mai nauyi da aka cuɗa da garin katako, dankali, miyar sha'ir ko ta wani tushe mai kama da rogo da ake ba dabbobi, da ɗan man shafawa. Ƙunshin Amurka kilo biyar ne, an tsara mutum ɗaya a mako: gwangwanin madarar gari mai suna Klim, man shafa burodi, naman shanu na gwangwani, naman alade na gwangwani, kifi, cuku, busasshen inabi, biskit, cakulan, kofi, sukari, sabulu biyu, da taba kara ɗari. Mutanen ɗaki sukan haɗa nasu wuri guda, a naɗa mai girki, a naɗa mai yanka burodi, wanda ya yanka kuma shi ke ɗauka a ƙarshe. Masu gadi sukan huda kowane gwangwani kafin su miƙa, don kada a tara guzurin gudu, saboda haka dole a cinye cikin kwanaki. Daga Satumba 1944 aka koma rabin ƙunshi, saboda hanyoyin jirgin ƙasa daga Suwizalan sun lalace. Daga nan ne rama ta fara bayyana a jikinsu.

Injiniya Lawal: Gwangwanin Klim ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ana buɗe shi a miƙe a naɗe bakinsa a yi tire da tukunya. Ana yin ɗan murhu mai fanka da ake murɗawa da hannu, wanda da 'yan ƙirare kaɗan zai tafasa ruwa. Kuma shi aka jera baki da gindi aka yi bututun iska na ramin gudu. An gina Sagan ne musamman don hana haƙa: ɗakuna a ɗage daga ƙasa, yashin ƙasa rawaya ne mai tona asirin kansa in an zubar a kan toka-tokar ƙasar sama, ga na'urorin jin motsi a binne a gefen waya. Shi ya sa ramin da aka gudu ta cikinsa a daren 24 ga Maris 1944 ya yi zurfin mita tara, tsawonsa ya ɗara mita ɗari, an tokare shi da katakon gadaje. Mutum 76 suka fita, uku suka kai gida, 50 Gestapo ta harbe.

Sagir: Da Amurkawa a cikinsu?

Malam Habu: Sojan Amurka sun yi aikin haƙa da zubar da yashi a farko, amma a Satumba 1943 aka kwashe su zuwa sashen kudu, wata shida kafin gudun. Mutanen Münster a wannan sashen da na tsakiya suka sauka. Bayan kisan hamsin ɗin, sha'awar gudu ta ragu ƙwarai. Rayuwa ta koma ƙidaya sau biyu a rana, zagaya fili a gefen siririyar wayar gargaɗi wadda in ka tsallake ta mai gadi zai harba, darussa, wasan kwaikwayo, da labaran BBC daga ɓoyayyen rediyo da ake bi ɗaki-ɗaki ana karantawa. Hafsa na da izinin wasiƙa uku da kati huɗu a wata, amsa kuwa takan yi wata uku ko huɗu. A gida, iyali telegiram ɗin ɓacewa suke fara samu, sai bayan makonni sunan ya zo ta Jeniba.

Hajiya Binta: A nan ma a yi adalci a lissafi. Cikin Amurkawa kusan 94,000 da aka kama a Turai, wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne suka mutu a tsare. Fursunonin Sobiyet a hannun Jamusawan nan dai, fiye da miliyan uku suka mutu cikin kusan miliyan 5.7, kuma a Krems waya ce kawai ta raba su da Amurkawa. Su ba ƙunshi, ba mai zuwa duba su. Ko cikin 'yan sojan sama ba kowa ya samu kariyar ba: 168 da aka kama a Faransa cikin kayan gida sansanin gwale-gwale na Buchenwald aka kai su a Agusta 1944, sai da sojan saman Jamus suka karɓo su bayan wata biyu, biyu sun riga sun rasu.

Baba Ɗanjuma: Haka ne Hajiya. Kuma ga Amurkawan ma tsugune ba ta ƙare ba, mafi wuyar tana ƙarshe. Daren 27 ga Janairu 1945, da sojan Sobiyet suka matso, aka ba Sagan ɗan lokaci kaɗan su tattara. Sashen kudu ne ya fara fita cikin ƙanƙara. Wasu suka fasa gadaje suka yi abin jan kaya, wasu suka ɗaure ƙafafun wando suka mai da shi jaka. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kaya fiye da ƙarfi, kafin gari ya waye hanya ta cika da littattafai da gwangwanaye. Na biyu shi ne zama a kan ƙanƙara lokacin hutu da jiki jiƙe da gumi. Suka huta a wata masana'anta mai tanderu a Muskau, suka kai Spremberg, wajen kilomita 80, aka zuba su a taragun dabbobi, mutum hamsin ko fiye a taragun da aka yi don arba'in, kwana biyu zuwa uku ba ruwan kirki, har Moosburg a Bavariya. Na Krems kuwa a Afrilu aka kora su yamma, kwana 18 a ƙafa zuwa wani daji kusa da Braunau.

Dakta Rabi: Wadda ta fi duka tsanani ita ce ta saje-sajen Stalag Luft IV, waɗanda aka harbo a 1944. Sun tashi 6 ga Fabrairu 1945, wasunsu sun yi kwana 86 a hanya, kilomita 800 ko fiye, suna kwana a rumbunan manoma. Atuni ne ya fi kayar da su, daga shan ruwan kwata da narkakkiyar ƙanƙara, sai ƙwarƙwata, sai ƙafafun da sanyi ya ci har suka ruɓe. Likitan da ke tare da su, Kyaftin Leslie Caplan, ba shi da magani, sai ya sa a ƙona itace a daka gawayin a haɗiya don tsayar da ciki, ya kuma roƙi keken doki ɗaya ko biyu don waɗanda suka kasa. Ƙa'idarsa ita ce kada a sha ruwan da ba a tafasa ba, amma mai ƙishirwa a hanya ba ya jiran wuta.

Auwalu: Allah Sarki. To ranar 'yanci fa?

Malam Habu: Moosburg an gina shi don mutum 10,000, a Afrilu 1945 akwai sama da 70,000 daga ƙasashe daban-daban, wasu a tanti, wasu a fili. Runduna ta 14 ta tankokin Amurka ta iso ranar 29 ga Afrilu bayan ɗan gajeren faɗa da SS. Na Braunau sai 3 ga Mayu. Wanda aka harbo a Münster ya yi wata goma sha takwas da 'yan kwanaki ke nan. Aka fesa musu hodar kashe ƙwarƙwata, aka ɗauke su a jiragen dakon kaya na C-47 zuwa Faransa, zuwa sansanin Lucky Strike kusa da Le Havre, su jira jirgin ruwa. A gida hutun kwana 60 ne da albashin da ya taru. Wata dokar Amurka ta 1948 ta ƙara musu dala ɗaya kan kowace ranar da aka hana su isasshen abinci.

Dakta Rabi: Lucky Strike ma sai da likitoci suka yi da gaske. Cikin da ya yi watanni yana karɓar miyar ruwa ba ya ɗaukar maiƙo da zaƙi farat ɗaya. Waɗanda suka samu soyayyen abu da cakulan suka ci son ransu, da yawa asibiti suka kwana da amai da gudawa. Sai aka koma ba su kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana: dafaffiyar kaza ba mai, farin burodi, da madara da aka kaɗa da ƙwai tsakanin abinci, ba yaji, ba soye, har mako biyu ko uku kafin a sake su su ci abin da kowa ke ci.